Masu Gyaran Ƙashin Baya da Zancen Motsa Jiki

A shekarar 1895, a garin Davenport na jihar Ayowa ta Amurka, wani mutum mai suna Daniel David Palmer ya danna ƙashin bayan wani ma'aikaci mai ƙarancin ji, sa'an nan ya yi da'awar cewa jinsa ya komo. Daga nan ne sana'ar kairofuraktik ta samo asali, watau gyaran ƙashin baya da hannu, ba ƙwaya, ba wuƙa. Za a iya kwatanta mai wannan sana'a da maɗori, amma fa da bambanci. Maɗori karaya da targaɗe yake dubawa, shi kuwa Palmer cewa ya yi kashi 95 cikin ɗari na cututtuka daga gocewar ƙasusuwan baya suke tasowa. Bincike bai gaskata wannan magana ba, har ma a 2010 hukumar da ke lura da masu sana'ar a Birtaniya ta bayyana cewa babu shaidar da ta nuna wannan gocewa tana haddasa cuta.

A yau da yawa daga cikin magadan Palmer sun shiga yi wa marasa lafiyarsu gargaɗin motsa jiki, da tafiya da ƙafa, da rage ƙiba, da barin taba. Lalle wannan abin yabo ne, domin kuwa nan ne hujjarsu ta fi ƙarfi. A da, idan baya ya riƙe wa mutum, likitoci kwanciya suke sa shi ta kwana da kwanaki. Wani bincike da aka buga a 1995 daga birnin Helsinki ya nuna cewa waɗanda suka ci gaba da harkokinsu na yau da kullum, gwargwadon abin da za su iya jurewa, sun riga waɗanda aka kwantar warkewa. Dalili kuwa a fili yake: naman jikin da ke riƙe da baya raunana yake yi idan an bar shi zaune, gaɓoɓi kuma su sandare. A 2016 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila, ta ce kada a yi wa mai ciwon baya aikin hannu sai an haɗa shi da motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta masu ciwon ƙugu da baya sun kai miliyan 619 a 2020, ta shawarci baligi ya motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a kowane mako.

To, a nan ne fa gizo yake saƙa. Mutumin da aka nuna wa hoton ƙashinsa, aka ce masa bayansa a goce yake, kuma ba mai iya mayar da shi sai hannun gwani, yaya za a yi ya yarda ya sunkuya ko ya ɗauki kaya? Tsoro ne zai kama shi, ya riƙa lallaɓa bayansa kamar ƙwai a cokali, alhali wannan tsoron kansa yana cikin abubuwan da kan tsawaita ciwon. Ba ya yiwuwa a tsorata mutum da tsohuwar koyarwa a kan gadon gyara, sa'an nan a bakin ƙofa a ce masa ya je ya yi gudu. Wajibi ne mai sana'ar ya zaɓi ɗaya.

Akwai kuma zancen kuɗi, wanda ba a cika son ambatawa ba. Dawowar majinyaci ita ce abincin mai gyara, tafiya da ƙafa kuwa kyauta ce, ba ta kawo wa kowa sisi. Saboda haka wanda ya ɗauki gargaɗin nan da gaske, kasuwarsa yake ragewa da hannunsa, kuma hakan ya kamata. Ana iya gane shi da abin da yake yi: zai faɗa wa majinyaci yawan zuwan da zai yi, ya koya masa motsin da zai riƙa yi a gida, ya tambaye shi ko ya yi, in lokaci ya yi kuma ya sallame shi. Idan kuwa ciwon ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, zai tura shi asibiti tun a ranar.