Kafin ka sake biyan kuɗin jarrabawar GMAT

Duk ma'aikacin da ya taɓa zaman sa'o'i biyu da kwata a gaban kwamfuta yana kokawa da tambayoyi 64 na jarrabawar GMAT ya san yadda gaba ke faɗuwa idan makin da ya bayyana bai kai yadda aka sa rai ba. Abin da ke fara zuwa a zuciya shi ne a koma a sake. Ra'ayina shi ne yawancin masu gaggawar komawa ba su tsaya sun yi lissafi ba, alhali lissafi suka je a gwada su a kai.

Hukumar GMAC mai shirya jarrabawar ta ba da damar sakewa bayan kwana 16, har sau biyar cikin wata 12, kuma sakamakon yana aiki tsawon shekara biyar. Ƙa'ida ta buɗe ƙofa, amma aljihu fa? Kuɗin zama ɗaya ya doshi dala 300. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023, wannan kuɗi ya kai albashi mafi ƙaranci na Naira 70,000 har na kusan wata biyar ko fiye. Mai iyali a Kubwa ko Nyanya, ga haya ga kuɗin makaranta, ba zai mai da wannan abin gwaji ba.

Abu na farko da ya kamata mutum ya tabbatar shi ne ko makinsa ya gaza da gaske. Sabon tsarin da aka fara a ƙarshen 2023 yana ba da maki daga 205 zuwa 805, kuma 645 a yau daidai yake da kusan 700 a tsohon ma'auni. Akwai masu baƙin ciki da sakamako mai kyau saboda suna auna shi da alƙaluman da suka ji a bakin magabatansu. A duba matsakaicin makin ɗaliban da makarantar ta ɗauka a bara. Idan tazarar ba ta wuce maki 10 ko 20 ba, sakewa ba za ta sauya komai ba.

Na biyu, me ya jawo gazawar? Rahoton sakamako yana nuna ƙoƙarin mutum a kowane sashe: lissafi, fahimtar rubutu da hujja, da nazarin alƙaluma, kowanne minti 45. Wanda ya saba samun maki mai yawa a gwajin gida, sannan rashin barci ko ƙarancin lokaci ya kayar da shi ranar jarrabawa, yana da hujjar komawa. Wanda kuwa ya sami abin da ya saba samu, to iyakar shirinsa ke nan, kuma kwana 16 ba za su gyara abin da wata uku ba su gyara ba.

Na uku shi ne lokaci. Manyan makarantun kasuwanci na Amurka kan rufe zagayen farko na karɓar takardu a Satumba, na biyu a Janairu. Maki kaso ɗaya ne na abin da suke dubawa. Akwai rubutun bayanin kai, wasiƙun shaida daga shugabanni, da tattaunawa. Ma'aikacin gwamnati yana da ƙarin nauyin neman hutun karatu, wanda takardarsa kan daɗe tana yawo daga tebur zuwa tebur. Watan da aka ƙarar wajen farautar maki 20 daga cikin waɗannan aka cire shi.

Za a ce maki mai yawa yana buɗe ƙofar tallafin karatu, kuma gaskiya ne. Ga wanda ba zai iya tafiya ba sai da tallafi, wanda ya gano rauninsa kuma yake da wata biyu na shiri a hannu, sakewa jari ne mai ma'ana. Amma wanda ke son komawa don kawai abokin ofis ya fi shi maki, gara ya adana dalolinsa, ya zauna ya rubuta abin da shekarunsa a ma'aikata suka koya masa game da kasafi da sarrafa jama'a. Wannan shi ne abin da ɗan takara daga Landan ko Mumbai ba zai iya gabatarwa a madadinsa ba.