Takunkumin Nijar: Wa Aka Hukunta, Soja Ko Ɗan Dako?

Har yanzu akwai masu zama a bakin rumfa suna cewa wai takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar daidai ne, don a koya wa sojoji hankali. Haba jama'a! Wane soja ne ya kwana da yunwa?

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da Bazoum. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja ƙarƙashin Tinubu, suka rufe iyakoki, suka hana hulɗar kuɗi da Nijar, aka kuma kulle dukiyar gwamnatinta da ke babban bankin BCEAO. Najeriya ta ƙara da yanke wuta, alhali a lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga nan yake tafiya.

Duk ɗan da ya tashi a gidan kasuwa ya san jari ba ya son zama. Mahaifina albasa yake sarowa, kuma tun ina ƙarami na san buhun da ya yi sati a mota cikin rana ya zama shara. To ku duba motocin da suka jeru a Illela da Jibiya da Maigatari, wata ɗauke da albasa, wata da wake, wata da dabbobi. Kuɗin wannan kaya ba na Janar Tiani ba ne. Na Alhazan Kwanni da Maraɗi ne, da na iyayenmu da ke jiran kaya a Mile 12 da Sabon Ibadan, kuma da yawa bashi suka ci suka saro. Idan mota ba ta iso ba, ɗan dako bai samu na tuwo ba, yaron mota ma haka, haka mai sayar musu da shayi. A can Yamai kuwa mai walda da mai niƙa da mai ƙanƙara sai zaman jiran wuta.

Wanda ba a gani da ido ma ya fi muni. Nijar da sefa take aiki, hedikwatar bankin kuwa tana Dakar, wato makullin asusunka yana aljihun wani. Gwamnati kan ci sabon bashi a kasuwar yankin ta biya tsoho. Da aka toshe mata ƙofa sai ta kasa biyan sama da biliyan 300 na sefa. Tsabar kuɗi ta yi ƙaranci a bankuna, mutum da guminsa sai ya bi layi. Turawa ma suka janye tallafi, har a watan Oktoba aka zabtare kasafin shekarar da kashi 40 cikin 100. Kamfanin ƙasar Sin da ke gina madatsar ruwa ta Kandaji ya dakatar da aiki a lokacin. Su wa aka fara sallama? Leburori. Bunƙasar arzikin da aka yi wa ƙasar hasashe a 2023, ko rabinta ba a samu ba.

Za ku ce ai juyin mulki laifi ne. Na yarda, ba na kare kowa mai kaki. Amma in maigida ya yi laifi, sai a rufe rijiyar unguwa?

Kuma me aka samu? Ranar 24 ga Fabrairu 2024 ECOWAS da kanta ta ɗage takunkumin, wai don jinƙai, bayan wata bakwai, Bazoum kuwa bai koma kujerarsa ba. Tun a Janairun wannan shekarar Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun fita daga ƙungiyar, a Janairun 2025 kuma ficewar ta tabbata. Masu cewa an koya wa soja hankali, don Allah ku faɗa mini wa zai biya waɗanda jarinsu ya ruɓe a bakin boda.