Mutanen Batsari Da Safana Ba Ragwaye Ba Ne

Mun sha jin wasu ma'aikata suna cewa wai talakawan Batsari da Safana sun saduda, ko an kore musu shanu ba su kai ƙara. To, kafin a zarge su, a saurara.

Cikin 1967 wasu masana biyu na Amurka, Seligman da Maier, suka ɗaure karnuka suna jona musu wutar lantarki. Waɗanda aka ba dabarar kashe wutar, da aka sake gwada su a wani akwati, tsalle ɗaya suka tsira. Sauran kuwa yawancinsu kwanciya suka yi suna kuka, ga hanya a buɗe. Masanan suka ce sun koyi fid da rai ne. Amma cikin 2016, bayan dogon bincike kan ɓeraye, suka warware maganarsu. Ashe ba koyon saduda ake yi ba. In wuya ta daɗe, wani gurbi can ƙasan ƙwaƙwalwa ke sakin sinadarin serotonin, jiki ya mutu. Abin da ake koyo shi ne cewa ƙoƙari yana da amfani, kuma gaban ƙwaƙwalwa ke gane haka, ya danne wancan gurbi.

Allah ya tsare mu da kwatanta ɗan Adam da kare. Amma wanda ya ga yadda ɓarayin daji suka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin Fabrairun 2020, in ya kai kuka sau uku ya ji shiru, me zai sa ya koma?

Saboda haka muna roƙon akawuna, in manomi ya taso daga bakin dajin Rugu da ƙara, a rubuta a gabansa, a sa masa rana, ranar kuwa a ba shi amsa, ko da ba mai daɗi ba ce.