Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar Jami'ar Gadarif



Muna tunatar da ku, ya shugabanni, cewa Sudan, wadda ta zo ta biyu a gasar ƙwallon kwando ta Afirka a Alƙahira a 1962, ba ta rasa dogayen samari ba har yau, kuma wasunsu 'ya'yanmu ne na Mafaza, a bakin kogin Rahad. Saboda haka muke roƙon alfarma, idan za ku tsara kakar wasan ɗalibai maza, ku jinkirta ta sai an gama yankan riɗi, domin ɗan halal ba ya barin mahaifinsa da lauje a gona alhali riɗi ya bushe yana zuba, komai son da yake yi wa wasa.

Wassalam.

Iyayen ɗalibai, Mafaza.