Kafin ka ɗauki bidiyon darasi, ka san ta inda kuɗinka za su shigo

Duk mai buɗe WhatsApp ko TikTok a 'yan kwanakin nan ya saba da irin tallan: koyi ɗinki daga gida, koyi haɗa turaren wuta cikin kwana 7, koyi zanen talla da salularka. Matasa ne a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, har da 'yan ci-rani a Abijan da Kwatano, suka gane cewa abin da hannunsu ya iya yana sayuwa ta intanet. Abin a yaba ne a ƙasar da mai digiri ke shafe shekaru yana jiran aikin gwamnati. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda na zanta da su sun yi tuntuɓe a wuri guda, kuma ba don darasin bai yi kyau ba.

Wata mai ɗinki da na sani a Damagaram ta yi wata biyu tana ɗaukar bidiyo. Ta ari fitila, ta biya wanda ya gyara mata hotunan, ta zuba darussan duka a zauren WhatsApp, ta sa jika 5 kan kowane mutum. Mata 12 suka biya. Kafin mako ya zagayo, ƙanwarta ta tarar da bidiyon a wayar wata maƙwabciya da ba ta ba da ko dala ba. An tura ta Xender, ita ma ta tura gaba.

Ta yi fushi, kuma tana da gaskiya. Amma ni a ganina ba satar ce ta kayar da ita ba. Ta sayar da abin da ba ya tsaruwa ne. A ƙasar da ake tura fim da waƙa daga waya zuwa waya a kowace fada, wanda ya sa ran bidiyonsa zai zauna inda ya ajiye shi bai san mutanensa ba. Abin da ba a iya turawa shi ne malamin kansa: ya duba rigar da ɗaliba ta yanka ya ce mata hannun ya karkace, ya amsa tambaya ran Asabar da dare, ya haɗa wadda ta ƙware da mai shagon da ke neman ma'aikaciya. A kan wannan ya kamata a sa farashi. Bidiyon kuwa, in an sace shi ma talla ya yi maka.

Sai batun karɓar kuɗi, wanda shi ya kamata a fara warwarewa tun kafin a kunna kyamara. Yawancin shawarwarin da matasanmu ke kallo a YouTube daga Amurka ko Faransa suke, inda kowa ke da katin banki. Stripe da suke yawan ambata ba ya buɗe wa ɗan kasuwar Nijar asusu. Mai sayen darasinka yana da Airtel Money ko Moov Money, ko kuma ya taka zuwa Nita, Amana ko Al Izza ya aiko. Wannan ba aibu ba ne, hanyoyin suna aiki. Matsalar tana wajen mai sayarwa: lamba ɗaya ce ake turo kuɗin darasi, ita ce ta cefanen gida, ita ce ta gudummawar biki. Ƙarshen wata a tambaye shi ribarsa, sai ya yi ta sosa ƙeya. Layi na dabam da littafin jika ɗaya da za a riƙa rubuta sunan wanda ya biya, da rana, da hanyar da ya biya, sun fi sabuwar kyamara amfani. Kuma kada a sa kowa a zaure saboda hoton shaidar biya da ya turo. A jira saƙon ya shigo wayarka, domin gyara irin wannan hoto ba ya ɗaukar minti 5.

Mai koyarwa da Hausa yana da wata dama da mai koyarwa da Faransanci ba shi da ita: kasuwarsa ba ta tsaya a Dan Issa ba, ta kai Katsina da Kano da Sakkwato. To amma can da naira ake biya. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan yuro ɗaya, ita kuwa naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta faɗi daga wajen 460 kan dalar Amurka zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Wanda ya yanke farashi da naira ya bar shi wata shida, ya yi wa ɗan canji aiki. A yanke da sefa, a riƙa juyawa duk lokacin da za a buɗe sabon aji.

Farashin ma lissafi yake so. A ce mutum 20 sun biya jika 5-5, jika 100 ke nan, kuma a baki tana da daɗi. Cire kuɗin intanet na wata, cire ladan cirar kuɗi, cire tallan Facebook, cire cajin waya da kwamfuta ranar da aka ɗauke wuta. Abin da ya saura a raba shi da awoyin da aka yi ana amsa saƙonnin murya har tsakar dare. Wasu za su tarar ɗan kabu-kabu ya fi su samu.

Akwai masu cewa yin rajista ɓata kuɗi ne ga sana'ar da ke cikin waya. A ajin farko da na biyu na yarda da su, a fara ganin ko akwai masu saye. Amma ranar da wata ƙungiya ko makaranta ta ce ka horar mata da mutum 30, takardar farko da za ta nema ita ce ta farashi mai ɗauke da lambar NIF da RCCM. A Yamai, Maison de l'Entreprise ce ke haɗa waɗannan takardu a wuri guda. Wanda ba shi da su zai ga aikin ya tafi hannun wanda bai kai shi iyawa ba.

Mai ɗinkin nan ta sake buɗe aji bayan salla. Wannan karon ba ta ɗauki ko bidiyo ɗaya ba sai da mata 10 suka ba da rabin kuɗi. Ta rubuta musu tun farko cewa mako huɗu ne, gyaran aiki sau biyu a mako, kuma wadda ta janye bayan makon farko ba a mayar mata da kuɗi. Darasin kowane mako a ranarsa take sakinsa. Biyu daga cikin ɗalibanta na yanzu a bidiyon da aka sace suka fara ganin ta.