Wace Shaida, Daga Wane Aji?

A ranar 12 ga Nuwamba 2025, a wani taro kan harshen koyarwa da aka yi a Abuja, Ministan Ilimi Dakta Tunji Alausa ya sanar da cewa Gwamnatin Tarayya ta soke manufar koyar da yara da harshen uwa. Daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa, tun daga ajin share fage har jami'a. Manufar da aka binne ba ta ko cika shekara uku ba, domin a ƙarshen Nuwamban 2022 ne Malam Adamu Adamu, ministan wancan lokaci, ya sanar da amincewa da ita. Hujjar da aka kafa ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da aka ce sun fi rungumar harshen uwa. Aka ƙara da cewa shaida aka bi, ba son rai ba.

Mu malamai ne, ba ma gaba da shaida. Da ita muke ɗaga yaro zuwa aji na gaba, da ita muke maimaita masa. Amma duk wanda ya taɓa gyaran takardun jarrabawa ya san ba a ba da cikakken maki don amsa kaɗai, sai an ga hanyar da aka bi. To, a nuna mana hanyar.

Yaron da ya shiga aji ɗaya a Satumban 2023, a ƙarƙashin sabuwar manufa, yana aji uku ranar da aka soke ta. Ba zai zauna WAEC ba sai a 2035. Saboda haka faɗuwar da ake magana a kai ba 'ya'yan wannan manufa suka yi ta ba. Idan kuwa tsohuwar al'ada ake nufi, wadda ke cikin Manufar Ilimi ta Ƙasa tun 1977, cewa a fara da harshen uwa ko harshen da ake ji a yankin a shekarun farko na firamare, to akwai wata tambaya da ta fi wannan nauyi. Yankunan da ake nuna wa yatsa su ne kuma suka fi talauci, suka fi cunkoson aji, suka fi ƙarancin malami da kujera da littafi. Ta yaya aka ware harshe daga cikin wannan tari aka ce shi ne mai laifi? Zakara na cara, gari na wayewa, amma ba carar ce ke kawo asuba ba.

Sannan mu faɗi abin da kowane malami a Fagge ya sani, ko da ba ya cikin rahoton kowa. Ba mu taɓa koyarwa da harshen uwa ba a ma'anar da masana ke nufi. Littafin lissafi da Turanci yake, na kimiyya da Turanci, jarrabawa da Turanci. Malama ta karanta jimla, ta dubi fuskoki sama da ɗari ta ga babu wanda ya motsa, sai ta juya ta da Hausa, yara su ce "to". Ta rubuta a allo da Turanci, su kwafa kamar zane. Wannan ba karatu da Hausa ba ne, ba kuma karatu da Turanci ba ne. Wani abu ne na uku da larura ta haifa, wanda ba a koyar da shi a kwalejin horon malamai ba, ba a kuma auna shi ba. An yanke wa maganin hukuncin cewa ba ya aiki, alhali majinyacin bai sha ba.

Kada kuma a ɗauka muna kukan manufar 2022 kamar wadda ba ta da aibi. Ita ma ba da mu aka rubuta ta ba. A tsallaka zuwa Sabon Gari, unguwar da Turawan mulki suka kafa wajen 1913 domin baƙi daga Kudu, inda makarantun mishan suka kafu tun ana hana su shiga birni. A aji guda tsakanin France Road da Igbo Road za a sami ɗan Ibo da Bayarabe da ɗan Idoma da Banufe da Bahaushe. A gida kowa da harshensa. A filin wasa Hausa ce ko Turancin broka. Wanne ne harshen uwar wannan aji? Abin da zai yi wa makaranta a Kwaciri ko Rijiyar Lemo daidai ba lalle ya yi wa ta New Road ba, ga su kuma duk a ƙaramar hukuma ɗaya. An kawo doka guda ga ƙasa mai harsuna sama da 500, an janye ta da wata doka guda, kuma a karo biyun babu wanda ya tsaya a bakin ajinmu ya yi sallama.

Ba a rasa bincike a kan wannan batu a Nijeriya ba. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara gwajin koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuwa a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun kuma fi su a wasu darussa. Masu suka sun ce ai an ba ajin gwajin ƙwararren malamin Turanci da sababbin littattafai, don haka ba harshe kaɗai aka gwada ba. Sukar tana da gaskiya, kuma ita ce darasin: harshen uwa na aiki idan an ba shi kayan aiki. A nan Arewa ma an yi shirye-shiryen koyon karatu da Hausa a azuzuwan farko, irin su RANA a Katsina da Zamfara da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, ga kuma KaLMA a Wudil da Dawakin Tofa. Jami'ar Bayero tana da cibiya sukutum ta binciken koyon karatu. Wanda ya ce shaida yake bi, wajibi ne ya gaya mana yadda ya yi da wannan shaidar.

A nan ne maganar ta wuce harshe ta taɓo yadda ake bincike a kanmu. Mun saba da baƙi masu takardun tambayoyi. A sanar da shugaban makaranta tun kwana biyu, a share aji, a zo a zauna a baya minti arba'in ana sa alama a akwatuna, a ɗauki hoto, a tafi. Rahoto ya fito da Turanci a wani birni mai nisa, mu kuwa sai dai mu ji shi ya dawo a matsayin takardar umarni. Tambayar ba tamu ba ce, ma'aunin ba namu ba ne, sakamakon kuwa a wuyanmu yake sauka. Paulo Freire, malamin nan na Brazil, ya soki karatun da ake ɗaukar ɗalibi tamkar asusun da ake zuba wa ajiya. A wajen masu bincike da yawa, malami asusu ne da ake zara daga cikinsa.

Kuma ma'auni ba ya zuwa babu ra'ayi. A 2017 Gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai kashi 75 ba, ta sallame su. Ba za mu ce duk wanda ke riƙe da alli ya cancanta ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma jarrabawar ta auna malami ne kawai. Ba ta auna wanda ya ɗauke shi aiki da takardar ɗan siyasa ba, ko kwalejin da ta ba shi shaida. Haka ƙididdigar "yaran da ba sa makaranta" ke haɗawa da almajirin da ya haddace izu talatin, domin mai ƙirga ya riga ya yanke abin da ake kira makaranta. Da Hannah Hoechner ta yi nata binciken a Kano, ta bar almajirai suka tsara fim da kansu, Duniya Juyi Juyi, sai ga tambayoyin da babu su a takardar kowa: wulaƙancin gidajen aikatau, da abin da yaro ke fata daga karatunsa. Ashe ana iya yin bincike da mutane, ba a kansu kaɗai ba.

Mu ma da namu laifin. Nawa ne daga cikinmu suka kammala kundin NCE ko na digiri ta hanyar kwafo babin wani, suka cike takardun tambayoyinsu da hannunsu a daren da za a miƙa? Wanda ya yi haka ya koya wa kansa cewa bincike al'ada ce ta karɓar takarda, ba hanyar sanin gaskiya ba, kuma ranar da aka buge shi da alƙaluma ba shi da abin mayarwa. Tarurrukan reshenmu ma albashi da ƙarin girma ke cinye su. Haƙƙi ne, ba za mu daina nema ba. Sai dai Malam Aminu Kano, da ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948 bayan dawowarsa daga Landan, bai ɗauki malami a matsayin mai jiran ƙarshen wata kawai ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya iya nunawa. Don haka muna kira ga uwar ƙungiya ta jiha da ta nemi Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta wallafa alƙaluman da ta dogara da su, jiha-jiha, tare da yadda aka cire tasirin talauci da cunkoso, domin masanan jami'o'inmu su duba. Duk mai bincike da zai shigo makarantunmu kuma, muna maraba da shi, da sharaɗin ya dawo ya karanta mana abin da ya samu kafin ya kai wa wani.

Namu aikin ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shi wuya. Muna roƙon kowane malamin aji ɗaya zuwa uku a Fagge da Sabon Gari ya ware littafi guda a wannan zango. Ya rubuta yawan yaransa, da harshen da kowanne ke yi a gida, da littattafai nawa ke ajin kuma da wane harshe. A farkon zango da ƙarshensa ya ba kowane yaro gajeren sakin layi da Hausa da wani da Turanci, ya rubuta wanda ya karanta, da wanda ya karanta kuma ya gane. Kada a gyara lamba don a faranta wa kowa, ko da ta saɓa wa abin da muka faɗa a wannan shafi. Wakilan makarantu su zo da littattafan taron reshe na ƙarshen zango, ba tare da sunayen yara ba.