Wa zai shaidi likitan Tambuwal?

Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega, kimanin kilomita 100 daga birnin Shehu. Idan tirela ta kwashi ɗan kabu-kabu a wannan hanya, ko motar 'yan kasuwa ta wuntsila da tsakar dare, babban asibitin garin ake fara nufa. Haka abin yake a Kebbe, inda ake kawo wanda maciji ya sara a gona, da mai naƙudar da jijjiga ta kama, da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini. Likitan da ke karɓar waɗannan mutane sau da yawa matashi ne, wani ma bautar ƙasa ce ta kawo shi, kuma ba shi da babban likita a bayansa da zai ɗaga waya ya kira. Aikin ceton gaggawa yake yi tsantsa, ko da takardarsa ba ta faɗi haka ba. Amma ranar da ya nemi gurbin horon ƙwarewa a wannan fanni, takardar shaidar da ake nema daga gare shi ita ce ta fi saurin kayar da shi, kuma a ganina tsarin wannan takarda ne ya kamata a gyara.

Fannin sabo ne a wurinmu. A Amurka an buɗe horonsa na farko a Jami'ar Cincinnati a 1970, aka amince da shi a matsayin fanni mai zaman kansa a 1979. Ghana ta fara a Asibitin Komfo Anokye na Kumasi a 2009, Tanzaniya ta biyo baya a Asibitin Muhimbili a 2010. A Najeriya kuwa, kwalejin ƙasa mai horar da ƙwararrun likitoci da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa tun 1979, sai a 'yan shekarun nan ta buɗe wa fannin tsangaya. Doka ta riga ma'aikata isowa: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti korar mai buƙatar taimakon gaggawa, ta 2017 kuma ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Guraben horon kaɗan ne, saboda haka waɗanda aka ɗauka yanzu su ne malaman gobe, kuma yadda aka zaɓe su zai daɗe yana bin mu.

A al'adar asibitocin koyarwa, mai nema yakan ci jarrabawar share fage, sannan ya ba da sunayen mutane, galibi uku, da za su aiko da shaida a kansa. Duk wanda ya taɓa ganin irin waɗannan wasiƙu ya san kusan bakinsu ɗaya: yaron kirki ne, mai ladabi, mai ƙwazo. Tun da kowa yabo ya samu, abin da ke bambanta wasiƙa da 'yar'uwarta shi ne sunan da ke ƙasanta. Likitan da ya zauna a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana gaida farfesoshi kullum a baranda, samun sa hannu mai nauyi ba ya yi masa wuya. Takwaransa na Kebbe kuwa, waɗanda suka ga aikinsa su ne likitan da ke riƙe da asibitin da shugabar nas-nas da ungozoma, sunayen da kwamitin tantancewa bai sani ba. Dole ta sa ya koma wurin malamin da ya koyar da shi shekaru biyar da suka wuce, wanda da ƙyar zai tuna fuskarsa. Sai a wayi gari wasiƙa tana auna wa ka sani, alhali an ƙirƙiro ta ne don ta auna me ka iya.

Amurkawa sun sha fama da irin wannan yabo maras gishiri, sai ƙungiyar shugabannin horon fannin ta fito da fom guda a tsakiyar shekarun 1990, wanda yanzu ake kira SLOE. Mai cikawa sai ya bayyana yadda ya san ɗalibin da tsawon lokacin da suka yi aiki tare, ya auna shi a kan abubuwa sanannu, kamar iya gano cuta da aiki da jama'a, sannan ya ajiye shi a sahunsa tsakanin sauran masu nema: cikin kashi 10 na sama ne, ko sulusin farko, ko na tsakiya, ko na ƙarshe. Za a ce wannan kayan aro ne. Ni kuwa ina ganin ya fi wasiƙar yanzu kusa da abin da muka gada. A fiƙihun Malikiyya da alƙalan ƙasar Sakkwato suka yi hukunci da shi, ba a karɓar tazkiyyar mai shaida daga wanda ya san shi sama-sama, sai daga wanda ya daɗe yana cuɗanya da shi. Malaman hadisi ma ba su tsaya ga cewa mutum nagari ne ba, sun jera maruwaita daraja-daraja bisa gaskiyarsu da kiyayewarsu. Sharaɗin nan na doguwar cuɗanya shi ne ya ɓace mana, kuma idan aka maido shi, shaidar wanda ya yi dare ɗari yana aiki da likita a Tambuwal za ta rinjayi ta farfesan da ya gan shi sau biyu.

Akwai suka mai ƙarfi da ba zan kauce mata ba. Alkunya da zumunci suna da nauyi a ƙaramin gari, kuma shugaban asibitin da ke sallah sahu ɗaya da likitansa zai ji nauyin rubuta cewa matsakaici ne. Ko a Amurkar ma an yi ta kukan cewa masu cikawa suna cusa ɗalibai da yawa a sahun sama. Gaskiya ne, amma fom yana da maganin da wasiƙa ba ta da shi. Idan ana adana abin da kowane mai shaida ya rubuta, wanda ya mai da kowa gwani zai bayyana cikin shekara biyu ko uku, darajar shaidarsa ta ragu. Ana iya haɗa mutum biyu su cika tare, likita da babbar nas, a kuma nemi a ambaci irin marasa lafiyar da mai nema ya kula da su, abin da za a iya dubawa a rajistar asibiti. Ƙarya a kan rajista ta fi ƙarya a kan hali wuyar yi. Masu cewa a soke shaidar gaba ɗaya a dogara da jarrabawa sun manta cewa takardar amsa ba ta nuna wanda hannunsa ke rawa idan jini ya ɓalle, ko wanda ke iya kwantar da dangin mamaci da suka cika ɗaki. Wannan sai wanda ya tsaya kusa da shi.

Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Kwalejin Ijanikin za ta iya tsara fom ɗaya ga duk cibiyoyin da ta amince su horar a fannin, ta rubuta ƙarara cewa ɗaya daga cikin shaidun ya fito daga asibitin da mai nema ya yi aikinsa na baya-bayan nan, komai ƙanƙantarsa. Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato ma tana da nata rabo, domin ita ke da ikon sakin likitocinta su tafi ƙaro ilimi da albashinsu. Idan ta sa shugabannin asibitocin Tambuwal da Kebbe su riƙa cika irin wannan fom duk wata shida, ta kuma yi amfani da shi wajen zaɓen wanda za ta tura, matashin da aka kai ƙauye zai san cewa kowane daren da ya kwana a kan mara lafiya yana shiga fayil ɗinsa.